Rami a Tsakiyar Allo: Kafinta, Injin Rauta da Lissafin Milimita Huɗu

A cikin ayyukan kafinta, raba allon filawud gida biyu ba ya cikin masu wuya. Zarto yana da gefen da zai shiga da gefen da zai fita, kuma idan layi ya ɗan karkace akan iya kankarewa a daidaita. Wuyar tana wajen fitar da rami a tsakiyar allo, inda babu gefen shiga, kuma duk abin da aka cire ya tafi ke nan. Ramin da ya yi ƙanƙanta ana iya ƙara masa faɗi. Wanda ya yi yawa kuwa ba shi da magani sai sabon allo.

Irin wannan rami ya fi yawa a rayuwar yau da kullum fiye da yadda mai karatu zai zata. Akwai zagayayyen ramin akwatin lasifika, wanda ake ɗorawa a kan mota ranar kasuwa ko a kafa a filin wa'azi da taron biki. Akwai 'yar tagar da mai POS yake miƙo kuɗi ta cikinta. Akwai gurbin gilashi a ƙofar kabad ɗin amarya, da gurbin kwanon wanke-wanke a kan kantar kicin, da tagar leƙe a jikin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. Kowannensu yana jiran wani abu da aka riga aka ƙera a masana'anta, wanda girmansa ba ya canzawa don a yi wa kafinta uzuri. Lasifika ba ta san cewa hannu ya yi rawa ba. Ko dai ta zauna daram, ko iska ta riƙa fita ta gefenta sauti ya lalace.

A garuruwan kudancin Jihar Kano, daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, wannan ƙaramar matsala tana da nauyi na musamman, domin allon da ake yankawa daga nesa yake zuwa, kuma abokin ciniki yana da zaɓin ya wuce birni. Akwai wata dabara mai sauƙi da ke magance ta: injin rauta, da wani ɗan zoben ƙarfe da ake ɗaura masa a ƙasa, da allon samfuri wanda zoben yake bi. Dabarar ta cancanci a fahimce ta, ko ga wanda bai taɓa riƙe guduma ba, domin shi ne yake biyan kuɗin aikin.

Allon da ya maye gurbin ice

Wanda ya baro Kano ta hanyar Zariya, ya karkata a Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada, ba zai daɗe ba zai shiga dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Nan ne yankin da ya fi kowane samun ruwan sama a jihar, kuma nan ne aka fi sanin manyan itatuwa irin su maɗaci da kawo da maje da doka da maɗobiya. Masassaƙan dā da irin waɗannan suke fitar da turmi da kujera da akushi da ƙotar fartanya, da gizago a hannu, daga gungume guda.

Wannan zamani ya ja baya. Falgore keɓaɓɓen daji ne da doka ta hana saran itace a cikinsa, kuma manyan itatuwan da ke wajensa sun yi ƙaranci saboda faɗaɗar gonaki da buƙatar itacen girki da gawayi. Maɗobiya, wadda 'yan kasuwar ƙasar Sin suka yi ta kwasa daga Afirka ta Yamma, ta kai ga shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe tun daga 2017. Saboda haka kafintan da ke zaune a bakin daji, da allon da ya keto teku yake aiki. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin UAC ya kafa babbar masana'antar katako da filawud a Sapele, wadda ta daɗe tana ciyar da kasuwannin ƙasar nan. A yau kaso mai yawa na filawud ɗin da ake gani a kasuwa shigo da shi ake yi, kuma Sin ce kan gaba a duniya wajen sarrafa shi. Daga tashar jiragen ruwa yakan iso kasuwannin 'yan katako na Kano, irin ta Na'ibawa da ke bakin hanyar Zariya, daga nan a ɗaure shi a kan mota zuwa Kiru ko Riruwai. Kowane zango yana ƙara masa kuɗi, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Shi filawud ba katako guda ba ne. Siraran ɓawo ne da ake feraye daga gungume, a jera su a manne da gam a ƙarƙashin matsi da zafi. Ana gitta su, wato idan zaren wannan ya miƙe tsaye, na bisansa ya kwanta, kuma yawanci adadinsu mara ne: uku, biyar, bakwai. Wannan gittawa ita ce ƙarfinsa, ita ke hana shi tsagewa da saurin lanƙwashewa. Girman da aka saba da shi ƙafa 4 ne a ƙafa 8, wato milimita 1,220 a 2,440, kaurinsa kuma daga 'yan milimita kaɗan zuwa 18 ko fiye.

Amma abin da ya ba shi ƙarfi shi ne kuma yake wahalar da mai yanka. Duk inda zarto ya nufa, yana keta zaren rabin ɓawon ne a gicciye. Ɓawon sama, wanda ido ke gani, shi ya fi siranta, shi ne kuma yake fara ɓantarewa. Hanyar da aka saba bi wajen fitar da rami ita ce a zana layi da fensir, a huda da direla, a zura siririn zarto a bi layin, sannan a bi da samfefa. Ƙwararren hannu yakan fitar da rami guda mai kyau ta wannan hanya. Abin da ba ya iyawa shi ne ya fitar da ashirin iri ɗaya.

Injin da zobensa

Ma'aikacin ofis da ya ji an ce rauta zai tuna da akwatin da ke raba intanet. A rumfar kafinta kalmar tana nufin wani abu daban: mota ce ta lantarki a tsaye, mai hannaye biyu, tana zaune a kan shimfiɗaɗɗen gindi, da haƙorin ƙarfe a ƙasanta wanda yake juyawa sau dubu ashirin ko fiye a minti guda. Ba ya yanka kamar zarto. Aske katakon yake yi, ƙanana-ƙanana, da saurin da ba ya ba zare damar tsagewa. A Amurka aka fara ƙera na hannu a farkon ƙarni na 20, sannan wajen 1949 kamfanin Elu na Jamus ya fito da irin wanda ake dannawa haƙorin ya nutsa cikin allo daga sama. Wannan na biyun shi ne ya dace da fitar da rami, domin yana buɗe wa kansa ƙofar shiga a duk inda aka ajiye shi.

Kafintoci da yawa suna da injin, amma galibi ado suke yi da shi: su zagaye gefen tebur, su fitar da zane a fuskar gado ko ƙofa. Idan aka sake shi a tsakiyar allo babu abin da ke tsare shi, ba ya bin layi. Haƙorin da ke juyawa yana jan injin gefe guda, kuma babu hannun da zai iya rinjayarsa daidai daga farko har ƙarshe.

A nan zoben yake shigowa. Wani ɗan faifai ne na ƙarfe ko tagulla da ake ɗaurawa a tsakiyar gindin injin, yana da gajeren wuya kamar bakin kwalba da ya leƙo ƙasa. Haƙori yana ratsawa ta cikin wuyan ba tare da ya taɓa shi ba. Sai a kawo wani allo wanda aka riga aka fitar da ramin da ake so a jikinsa, shi ne samfuri, a ɗora shi a kan allon da za a yanka. Gindin injin yana tafiya a kan samfurin, wuyan zoben yana gugar bakin raminsa, haƙori kuma yana cin allon da ke ƙasa. Aikin hannu ya koma abu guda kawai: ya tabbatar zobe bai rabu da bangon samfuri ba.

Akwai wata rahama a cikin wannan tsari. Idan hannu ya kuskure injin ya bar bango, cikin ramin zai nufa, wato ɓangaren da dama cirewa za a yi. Samfurin ya tare hanyar zuwa ɓangaren da ake so. Kuskure yana da wurin faɗawa, kuma wurin ba shi da tsada.

Lissafin da ba a tsallakewa

Haƙori yana cikin zobe, don haka ba ya kaiwa bakin samfuri. Kullum akwai 'yar tazara tsakanin inda zoben yake gogawa da inda haƙorin yake yanka. Wanda bai san da wannan tazara ba zai yi samfuri daidai girman lasifika, ya yanka, ya tarar ramin ya yi kaɗan.

Lissafin bai wuce na aji huɗu na firamare ba. A auna faɗin wuyan zobe daga waje, a debe faɗin haƙori, a raba abin da ya rage gida biyu. Idan zobe milimita 20 ne, haƙori kuma 12, saura 8, rabinsa 4. Tazarar ke nan a kowane gefe. Tunda rami yana da gefe biyu, dole ramin samfuri ya fi wanda ake so da milimita 8. Lasifikar da ke buƙatar rami mai faɗin milimita 280, samfurinta 288 ne. Tagar mai POS mai milimita 300 a 200, samfurinta 308 ne a 208.

Idan kuma abin da ke tsakiya ake so, kamar faifan da za a yi murfi da shi, kuma zoben yana bin samfuri ta waje, lissafin juyawa yake yi: samfurin ne zai gaza abin da ake so da milimita 8. Wannan juyi yana cikin abubuwan da suka fi rikita sabon mai koyo. Haka nan duk ranar da aka canza haƙori ko zobe, tazarar ta canza, kuma tsohon samfuri ya daina faɗin gaskiya. Shi ya sa mai lura yake rubuta lambobi uku a jikin kowane samfuri: girman zobe, girman haƙori, da girman ramin da yake haifarwa.

Abu na ƙarshe a lissafin shi ne kusurwa. Haƙori zagayayye ne, ba zai iya fitar da kusurwa mai kaifi ba. Haƙori mai milimita 12 zai bar lanƙwasa mai zurfin milimita 6 a kowace kusurwa. Ga tagar miƙa kuɗi wannan ado ne, har ma ya fi daɗin taɓawa. Ga gurbin gilashi kuwa sai an bi kusurwoyin huɗu da cizal an daidaita.

Rami ashirin da huɗu

A Kwanar Dangora akwai wani kafinta, mutum mai kimanin shekara arba'in da ɗoriya, wanda ya yi koyo a birni kafin ya dawo gida ya kafa rumfa. Bayan kaka, lokacin da manoman shinkafa da masara suka sayar da amfani, bukukuwa suka kankama, wani mai ba da hayar kayan sauti ya kawo masa aikin akwati goma sha biyu, kowanne da lasifika biyu. Mai aikin ne ya sayo allunan da kuɗinsa, ya ƙirga su daidai, babu rara. Ya kuma faɗa masa a fili cewa wasu sun ba shi shawarar ya kai aikin Kano.

Rana ta farko kafintan bai taɓa ko allo ɗaya daga cikin na mai aikin ba. Ya ɗauko lasifikar ya kifa ta, ya auna da hannunsa, domin sunan inci goma sha biyu da ake kiranta da shi ba shi ne girman ramin da take buƙata ba, kuma kowane kamfani da nasa. Ya yi lissafin tazara a jikin wani guntun katako. Sannan ya zaɓi ragowar allo mai lafiya, wanda kaurinsa ya fi tsawon wuyan zoben, domin idan wuyan ya zarce samfuri zai riƙa jan ƙasa, gindin injin ya ƙi zama. Ya ɗaura injin a kan wata siririyar sanda, ya kafa ƙusa a ɗaya ƙarshen, ya kewaya da shi kamar yadda ɗalibi yake zana da'ira da kamfas. Ya bi bakin ramin da samfefa har sai da yatsa ya daina jin tudu. Ya gwada a kan wani guntun da ba a so, ya saka lasifikar, ta zauna.

Babban yaronsa, wanda ya ga yini ya tafi ba a haɗa ko akwati guda ba, ya kasa haƙuri.

Ya ce, "Maigida, da zarto muka kama ai da yanzu mun fitar da shida."

Kafintan ya ce, "Da mun fitar da shida, kowanne da kamanninsa. Jeka ka ɗauko kilam."

Washegari aka shiga yanka, kuma tsarin bai canza ba daga ramin farko zuwa na ƙarshe. Ana shimfiɗa wani tsohon allo a kan benci don haƙori ya sami abin da zai faɗa a kai idan ya ɓulla, wanda kuma yake tallafar ɓawon ƙasa kada ya ɓantare. A ɗora allon aiki, a ɗora samfuri bisa layukan tsakiya da aka zana a jikin duka biyun, a matse su da kilam a inda ba zai tare hanyar injin ba. Sai a kafa ƙananan ƙusoshi biyu a tsakiyar faifan da za a cire, su riƙe shi da allon ƙasa. Wannan mataki ana yawan raina shi, alhali a ƙarshen yanka, lokacin da faifan ya rabu da uwarsa, idan babu abin da ya riƙe shi yakan motsa ya matse haƙori, injin ya yi tsalle, bakin rami ya sami tabo a daidai lokacin da ake murnar an gama.

Allon mai kaurin milimita 18 ba a ratsa shi a tashi ɗaya. Sau uku ko huɗu ake kewayawa, kowane zagaye a nutsa kamar milimita 5 ko 6. Wanda ya yi gaggawa zai ji kukan injin ya canza, ya ga hayaƙi, bakin rami ya yi baƙi, haƙori ya dakushe tun kwanansa bai kai ba, domin gam ɗin da ke tsakanin ɓawon filawud yana cin kaifi fiye da katako zalla. Tsakanin zagaye da zagaye ana share dusar da ta taru, domin idan ta shiga tsakanin zobe da bango takan ture injin, ramin ya fito da ƙanƙanta.

Alkiblar tafiya ma tana da ƙa'ida. Idan aka dubi injin daga sama, haƙorinsa yana juyawa ne yadda hannun agogo yake tafiya. A cikin rami, injin ma haka ake kewayawa da shi, ta yadda ƙarfin juyawar zai riƙa tura zoben yana manne shi da bango. Idan aka bi akasin haka, injin zai riƙa ƙoƙarin ƙwacewa yana gudu gaba da mai riƙe shi. Kafintan ya kuma saba da riƙe injin fuska ɗaya ba tare da ya juya hannayensa ba yayin kewayawa, saboda ba kowane zobe ne yake zama a tsakiyar haƙori cif-cif ba, kuma riƙo ɗaya yana sa ɗan bambancin ya zama iri ɗaya a kowane rami.

Daga rami na biyar, yaron ne ya karɓi injin. Na ashirin da huɗu bai bambanta da na farko ba, kuma babu allon da ya salwanta. Faya-fayan da aka cire ma ba su tafi a banza ba: tunda haƙori milimita 12 kawai yake ci a kowane gefe, kowannensu ya fito zagayayye mai faɗin milimita 256, aka yi kujerun zama na yara da su.

Ga rami mai kusurwa huɗu aikin ya fi haka sauƙi, domin ba sai an fafe samfurin ba. Miƙaƙƙun falankai huɗu ake jerawa su kewaye girman da aka lissafa, a duba kusurwoyi da sikwaya, a haɗe su da sukurori. Wasu kuma sukan fara cire tsakiyar da zarto su bar milimita biyu ko uku, sannan rauta ta share saura, abin da ke rage wa injin wahala da rage shan mai.

Abubuwan da ke kawo cikas

Na farko wuta ce. Babban injin rauta yana jan wat 1,500 zuwa sama da 2,000, kuma yakan ja fiye da haka a lokacin tashi. Ƙaramin janaretan da ke ɗaukar shagon aski da cajin waya ba zai iya da shi ba. Inda wutar KEDCO ba ta da tabbas, kafinta yakan tara duk aikin injin ya yi shi a zama ɗaya, kuma a nan samfuri yake biyan kuɗinsa, tunda awo da zane an gama su tun janareta yana kashe.

Na biyu cakuɗuwar ma'auni ce a kasuwar kayan aiki na hannu. Injinan da aka yi don Amurka da wutar bolt 120 suke aiki, ta Nijeriya kuwa 230 ce. Haka kuma ƙafar haƙori iri biyu ce: ta inci da ta milimita. Rubu'in inci milimita 6.35 ne, rabin inci kuma 12.7. Ido ba ya raba su da 6 da 12, amma bakin injin yana rabawa. Haƙori mai milimita 6 a bakin da aka yi don rubu'in inci ba ya kamuwa da kyau, kuma ƙarfen da ke juyawa sau dubu ashirin a minti idan ya suɓuce ba ya neman izini. Saboda irin wannan haɗari ne ake zare wayar injin daga wuta kafin a taɓa haƙori, a kuma duba cewa bakin da ke riƙe shi ba zai gogi zoben ba idan aka nutsa har ƙasa.

Na uku ƙura ce. Rauta tana fitar da dusa mai laushi wadda take tsayawa a iska. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IARC, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta kogon hanci, ga kuma gam ɗin da ke cikin filawud. Takunkumi da tabarau da abin toshe kunne ba su kai kuɗin allo guda ba, amma su ne aka fi mantawa da su, kuma yaran da ke koyo su suka fi shaƙa.

Na huɗu yanayi ne. A yankin da damina take da nauyi, sannan hunturu ya zo da bushewa, samfurin da aka jingine a ƙasa yakan sha danshi ya kumbura ko ya lanƙwashe. Wanda aka shafa wa fenti ko banish, aka huda shi aka rataye a bango, yakan yi shekaru yana aiki.

Ilimin da aka rataye a bango

Tunanin da ke bayan samfuri ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mai buga bulo ba ya auna kowane bulo, ya auna ma'auninsa sau ɗaya. Maƙerin da ke zuba tukunyar dalma yana danna tsohuwar tukunya a cikin yashi ta bar masa gurbinta. Baduku yana da guntun kwali da yake ɗorawa a kan fata ya fitar da tafin takalmi, tela kuma yana da takardar da yake yanka wuyan riga da ita. Duk hikima ɗaya ce: a yi wahalar daidaitawa sau ɗaya, a adana ta a jikin wani abu, sannan a riƙa ɗiba.

Sai dai abin yana da kaifi biyu. Samfuri ba ya gyara kuskure, maimaita shi yake yi da aminci. Idan aka manta da milimita huɗu a ranar farko, rami ashirin da huɗu ne za su fito da aibi ɗaya, kuma allunan mai aiki sun tafi gaba ɗaya. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shi ya sa yinin da kafinta ya ɓatar yana gyaran samfuri da gwaji a kan guntu shi ne yinin da ya fi kowane daraja a cikin aikin, ko da yake shi ne wanda abokin ciniki ba ya ganin amfaninsa.

Akwai masu fargabar cewa irin wannan dabara tana rage darajar gwaninta, tunda yaron da ya shekara ɗaya a rumfa zai iya fitar da abin da dā sai wanda ya shekara goma. Gaskiya ne hannun yaron ya sami sauƙi. Amma sanin girman da za a auna, da zaɓen zobe da haƙori, da gane allon da ke da rami a cikinsa tun kafin a saya, da jin canjin kukan injin, duk suna nan a wurin maigida, kuma su ne yaron zai zauna ya koya. Abin da ya canza shi ne an daina koyon yanka da dukiyar mutane.

Batun ya wuce rumfa guda. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a rana ɗaya, da kayan ɗakinsu. Makarantu suna buƙatar kujeru da tebura da ɗaruruwa. Irin waɗannan ayyuka suna zuwa ne da sharaɗin da ba a cika rubutawa ba: na farko da na ƙarshe su zama ɗaya. A manyan birane akwai injinan da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda ke yin haka ba tare da samfurin katako ba, amma kuɗinsu da wutar da suke buƙata sun fi ƙarfin kafintan Kiru ko na Tudun Wada. Zobe da samfuri su ne hanyar da ke hannunsa ta cika wannan sharaɗi, ta yadda kuɗin shinkafa da masarar da aka noma a yankin zai tsaya a yankin, maimakon ya hau mota ya bi allon zuwa inda ya fito.

Mai karatun da zai ba da aikin kanta ko kabad yana da hanya mai sauƙi ta gane irin hannun da zai miƙa wa allonsa. Ya ɗaga kai ya dubi bangon rumfar. Idan ya ga guntayen alluna masu ramuka a rataye, kowanne da lambobi a rubuce da fensir, to ya iso wurin wanda yake auna abu kafin ya yanka. Idan kuma aka ce masa ya kawo lasifikar ko gilashin ko kwanon tukuna, kada ya ɗauka jan rai ne. Amanar allonsa ake tsarewa.